Masu wanke ƙasa da rijiya da sinadari: yadda aikinsu ya kasance a gidan ƙanƙarata

Mutane da dama sun yi ta tambayata tun ranar da aka ga wasu samari da fararen kaya da tabarau suna haƙa ramuka a bayan shagona, wasu ma sun ɗauka mai aka samu a unguwar, to yau dai na ce bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru, saboda na san ba ni kaɗai ba ne mai babban janareta da tankin dizal kusa da rijiya a garin nan. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai inda suka burge ni sosai akwai kuma inda raina ya ɓaci da su, kuma ban so abin ya zama talla ko tozarci.

Sana'ar ƙanƙara nake yi a Kano, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san ba a yinta da jiran wuta, inji ne ke aiki kusan dare da rana musamman lokacin zafi da azumi. Tankin dizal ɗina na ƙarfe ne, rabinsa a binne yake a ƙasa a bayan ɗakin injin, tsakaninsa da rijiya bai fi taku goma sha biyar ba. Ashe tsatsa ta ci gindinsa yana ɗiga a hankali, ni kuma ina ganin man yana saurin ƙarewa sai na ɗauka injin ne ya tsufa yake sha da yawa. Ranar da abin ya fito fili yaron shago ne ya ja guga da safe ya kawo min, ya ce Alhaji duba ka gani. Saman ruwan yana ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo, in ka kaɗa gugan sai launin ya watse ya sake haɗuwa, warin kuwa tun kafin ka sunkuya ya buge ka. Wallahi jikina ya yi sanyi, don da ruwan nan muke wanke robobi, maƙwabta kuma gida uku suna ɗiba in famfo ya ɗauke.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai ce ka yi. Na kira masu yasar rijiya suka kwashe ruwan tas, kwana biyu ya dawo da warinsa. Wani ya ce in zuba alam, na zuba, ruwa ya yi garau amma warin na nan. Wani ya ce bilic, shi ma na zuba, sai aka samu wari biyu a haɗe. Daga baya ne na gane alam datti kawai yake kwantarwa, bilic kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu wanda a cikinsu aka yi don ya cinye mai, kuma ita kulorin da ke cikin bilic ɗin in ta haɗu da irin wannan datti tana iya haifar da wasu sinadaran da su ma ba a so a ruwan sha. Abin da ya fi damuna yanzu in na tuna shi ne mutumin da na bari ya shiga cikin rijiyar nan da tururin mai a ciki, Allah ne kawai ya tsare, don Allah kar wanda ya ƙara yin haka.

Wani ƙanin matata da ya karanta kimiyyar sinadarai ne ya haɗa ni da su. Ƙaramin kamfani ne, shugabansu wani matashi da kowa ke ce wa Injiniya, sai wata mace mai kula da gwaje-gwaje da yara huɗu masu aikin ƙarfi. Abu na farko da ya sa na yarda da su, ranar da suka zo ba su yi maganar kuɗin magani ba sam. Injiniya ya zagaya wajen ya ce, Alhaji, in ba a cire tankin nan ba duk abin da za mu zuba asarar kuɗinka ne, a fara da shi. Aka cire tankin, muka ga hujin, bai fi kan ƙusa ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi baƙi ta jiƙe sharkaf, in ka dunƙula ta a hannu sai ta bar maka maiƙo.

Daga nan suka huda ƙasa wuri takwas da wani ƙarfe mai kama da abin huda katako amma dogo, ana juya shi da hannu, suna ciro ƙasa daga zurfi daban-daban suna zubawa a kwalabe suna rubuta lamba, ruwan rijiyar ma suka cika kwalba har baki babu iska a ciki suka saka a kula da ƙanƙara, ƙanƙarar ma a wani shagon aka sayo, malamar mai kula da gwaje-gwajen ta ce ba za ta yi amfani da tawa ba. Malamar ta yi min bayani cewa wasu daga cikin abubuwan da ke cikin mai suna gudu su bi iska da zafi, in aka bar kwalbar a rana sai sakamako ya nuna ruwan ya fi yadda yake tsabta. Sakamakon ya ɗauki kusan sati biyu, kuma a nan na fara ƙosawa, amma da ya fito sai suka zana min taswira a takarda, ga inda man ya fi yawa, ga hanyar da ya bi ya gangara zuwa rijiyar. Dizal ya fi ruwa rashin nauyi, don haka in ya nutse cikin ƙasa ya tarar da ruwan ƙasa sai ya kwanta a samansa ya riƙa bin inda ruwan ya bi.

Sai aikin ya kasu. Ƙasar da ta fi jiƙewa ba su zuba mata komai ba, haƙe ta suka yi gaba ɗaya aka shimfiɗa a kan tamfol a wani fili nawa da ke bayan gari, aka cakuɗa da kashin kaji da buntun shinkafa ana yayyafa ruwa ana juyawa duk sati, wai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa da taki su ne za su ci man a hankali in sun samu iska da laima. Man da ke yawo a saman rijiya kuma suka tsotse shi da wasu fararen tsummoki masu shan mai su bar ruwa. Injiniya ya ce sinadari na ragowar da hannu ba ya kaiwa ne, ba na tafkin mai ba, wanda ya zuba shi kan mai tsagwaronsa kuɗi zai ƙone, wataƙila har da gobara.

To yanzu ga ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Maganin da suka yi amfani da shi ba wani baƙon abu ba ne, haidurojin ne, irin wanda ake zubawa a ciwo yana kumfa, sai dai na kemis kashi 3 ne zuwa 6 cikin ɗari, nasu kuwa a jarkoki shuɗɗa ya zo kashi 50, wanda in ya taɓa fata nan take wajen zai yi fari ya ƙone, shi ya sa sai sun surka shi da ruwa sosai a duro kafin a yi aiki da shi. Na biyu wani gari ne kore-kore kamar gishiri, gishirin ƙarfe, sai na uku garin tsami, sitirik asid, irin tsamin da ke cikin lemon tsami. Haɗin haidurojin da ƙarfen nan ana ce masa haɗin Fenton, sunan wani masanin sinadarai ne ɗan Ingila da ya gano shi a 1894, wato abin ya haura shekara 130 ana saninsa.

Yadda Malamar ta fahimtar da ni, kuma na sa ta maimaita har sau biyu, shi ne: in haidurojin ya haɗu da ƙarfen sai ya tsage ya fitar da wani ɗan guntun sinadari mai tsananin yunwa da ake kira haidurokzil, wanda ba ya daɗewa ko ƙiftawar ido, duk abin da ya tarar kusa da shi sai ya kai masa cafka. Shi kuma mai, in ka duba shi a ƙasan ƙasa, dogayen sarƙoƙi ne na kabon da ainihin sinadarin haidurojin (ba wannan na ciwo ba), to wannan guntun yana ta gutsure sarƙar yana mayar da ita gajeru gajeru, in aikin ya kai ƙarshe abin da zai rage ruwa ne da iskar kabon irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Wato ba ɗauke dattin ake yi a kai wani wuri ba, wargaza shi ake yi a inda yake. Tsamin kuma amfaninsa shi ne haɗin ya fi ci in wajen yana da tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH ya kai wajen 3, in babu tsami ƙarfen sai ya koma tsatsa ya kwanta ya daina aiki, sitirik ɗin yana riƙe shi a narke ya ɗan daɗe.

Ranar zubawa ta farko ba zan manta ba. Tun asuba suka sa na kashe inji, aka fitar da duk wata jarkar mai daga wajen, aka ɗaure igiya aka hana yara wucewa, mai shayin da ke gefe ma Injiniya ya je da kansa ya ce Baba don Allah yau a matsa da wutar nan can gaba, ya ba shi haƙuri har da ɗan abin da zai rage asara. Sun kafa bututun roba masu huji-huji a cikin ramukan, suka fara tura ruwan ƙarfe da tsami, aka jira, sannan aka bi da haidurojin a hankali da ɗan ƙaramin famfo. Minti kaɗan sai na fara jin ƙasa tana wani sauti, shuuu, kamar an zuba ruwa a kaskon suya, kumfa mai ruwan ƙasa ta fara tasowa ta bakin ramin da ke kusa da inda tankin yake, da ɗan tururi. Na sa tafin hannu a ƙasa daga nesa kaɗan na ji ta da ɗumi alhali ko rana ba ta fito sosai ba. Wani yaro yana tsaye da ma'aunin zafi a cikin bututun yana kiran lamba, da ta hau sai Injiniya ya ce a tsaya, a tura ruwa zalla, a jira ta sauka. Haɗin yana fitar da zafi da iskar oksijin, kuma zafi da oksijin da tururin mai a wuri ɗaya kowa ya san me ke biyo baya, shi ya sa ban ga laifinsu ba da suka ɗauki yini guda a kan abin da na zata na awa biyu ne. A wannan ɓangaren na tsaro kam ban da abin cewa sai yabo, safar hannu, tabarau, bokitin ruwa a kowane kusurwa, babu wanda ya yi wasa.

Na tambayi Injiniya me ya sa wannan haɗin ba wani ba, ya ce akwai wasu. Akwai famanganet, wannan mai launin shunayya da wasu ke jiƙa ƙafa da shi ko masu kaji su wanke ɗaki, yana daɗewa a ƙasa kuma yana da kyau a kan sinadaran wankin kaya da na wanke ƙarafa masu kulorin, amma ba ya cin benzin sosai, wato wani sinadari mai guba da ke cikin mai. Akwai fasalfet da ke iya yin makonni a ƙasa yana aiki a hankali, sai dai yana barin gishirin salfet a ruwa. Akwai iskar ozon da masu ruwan roba ke amfani da ita, ita kuma sai da na'ura da wuta tsayayya. Haidurojin shi ne ya fi sauƙin samu a kasuwa a nan, kuma in ya gama aiki ruwa da oksijin yake komawa, matsalarsa dai ba ya daɗewa, cikin awoyi zuwa kwana kaɗan ya mutu, don haka inda bai kai ba a wannan lokacin bai kai ba ke nan.

Kuma a nan ne matsalata da su ta fara. Sun yi zubi biyu, tsakani sati uku, aka sake gwaji, sakamako ya yi kyau ƙwarai, wari ya ɗauke, na biya cikon kuɗi muka rabu ana murna. Wannan a watan Mayu ne. Da damina ta kankama, cikin Agusta, wata safiya aka buɗe rijiya sai ga warin nan ya dawo, ba kamar na farko ba amma duk mai hanci zai ji. Na kira Injiniya raina a ɓace, sai ya ce ai wannan sananne ne, ƙasan wajen akwai yumɓu, maganin yana bin yashi ya wuce ya bar man da ya maƙale a cikin yumɓun, da ruwan ƙasa ya taso da damina sai ya taɓa wajen ya sake wanko shi. Bayanin ya shiga kaina, gaskiya ne, na kuma bincika na ga haka abin yake a ko'ina ake irin wannan aikin. Amma abin da na ce masa shi ne, Injiniya, tunda sananne ne me ya sa ba ka sanar da ni ba tun ranar da muke ciniki? Da ka ce min Alhaji a shirya wa zubi uku ko huɗu kuma kar a yanke hukunci sai bayan damina, da na tsara kuɗina a kan haka, da kuma ban ce wa maƙwabta an gama ba. Wannan ce ta fi yi min ciwo, don Hajiyar gidan da ke jikin nawa ta riga ta fara ɗiba tana wanki, sai da na koma na ce Hajiya a yi haƙuri a dakata, kuma na ga yadda ta kalle ni.

Sun dawo sun yi na uku, wannan karon da fasalfet a ramukan da ke kusa da yumɓun, sun yafe kuɗin aiki amma ni na sayi maganin na kuma biya gwaji. Gwajin nan shi ma a sani, ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma ba ya cikin lissafin farko da suka ba ni, a baki aka ce min "za a yi gwaji", ban san kowane zagaye da kuɗinsa ba. Duk wanda zai kira irin waɗannan mutane ya sa a rubuta masa a takarda, zubi nawa, gwaji nawa, wa zai biya in abin ya dawo.

Sai ƙananan abubuwa. Ƙarfen yana barin jan tabo kamar tsatsa, simintin bayan shagon har yau ja ne, ruwan rijiyar ma ya yi kusan wata yana fitowa ja-ja sai da aka yi ta zuƙewa. Bishiyar zogalen da ke gefen katanga ta zubar da ganye ta bushe, ƙasar wajen kuma ta yi tsami sai da suka barbaɗa farar ƙasa ta gyara, na zuba taki, yanzu ciyawa ta fara fitowa. Malamar ta ce haɗin ba ya bambance mai da sauran abin da ke cikin ƙasa, har ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin halitta masu amfani yana ci, shi ya sa ba a kwarara shi a gona haka kawai. Na riƙe wannan don akwai wanda ya tambaye ni ko zai yi wa gonarsa da baƙin mai ya malala daga garejin makanikai, na ce ya fara kiran masana su duba.

Akwai wata magana da Malamar ta yi min da ta sa na daina gaggawar a buɗe rijiya. Na ce mata tunda wari ya tafi ai shikenan, ta ce Alhaji hanci ba ma'auni ba ne. Ta kawo min labarin ƙasar Ogoni a jihar Ribas, inda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2011, a wani gari Nisisioken Ogale aka samu mutane suna shan ruwan rijiya da benzin ɗin cikinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙasa, rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ƙa'idar benzin a ruwan sha maikurogiram 10 ce kacal a lita, abin da ido ba zai taɓa gani ba, kuma benzin yana jawo sankarar jini. Ta ce sa'ar da na yi dizal ne, benzin ɗinsa kaɗan ne, da fetur ne da maganar ta fi haka nauyi, amma shi ma dizal yana da nasa abubuwan da ba a so su shiga ciki. Tun daga ranar duk gidan man da na wuce na ga gidaje da rijiyoyi a bayansa sai gabana ya faɗi. Nawa ɗan tanki ne da huji kamar kan ƙusa ya yi wannan ɓarnar.

In an tambaye ni ko zan sake kiransu, eh zan kira, don sun san aikinsu, ba su yi min ƙarya a kan sakamakon gwaji ba ko da bai yi musu daɗi ba, kuma takardun lab ɗin a hannuna suke ba labari aka ba ni ba. Amma zan zauna da su da biro da takarda kafin a huda rami ko ɗaya. Wanda kuma yake tunanin ya sayo jarkar haidurojin a kasuwa ya zuba da kansa, ina roƙonsa da girman Allah kar ya yi, na ga yadda ƙasa ke tafasa a hannun waɗanda suka iya ma.

Yanzu dai sabon tankin yana sama a kan dakali, da ɗan gurbi na siminti a ƙarƙashinsa yadda ko ɗigo ɗaya ya zuba za a gani. Ƙanƙara da ruwan tanka nake yinta, ina saye, yana cin riba amma hankalina a kwance. Rijiyar an saka mata matatar gawayi a bakin famfo, ana wanke tsakar gida da ita da ban ruwan shuka, sha da girki kuwa na sa kwaɗo na rufe, mukullin yana aljihuna. Gwaji biyu na baya sun fito lafiya, saura na watan Satumba mai zuwa bayan ruwan ƙasa ya sake tasowa, Malamar ta ce ita da kanta za ta zo ɗaukar samfurin.